Mudun tsoho: ciyarwa ciniki ce ko rahama?

Ƴan uwa masu karatu, ko wace shekara in watan azumi ya tsaya, akwai gardama guda da ke tashi cikin gidajenmu. Tsoho ya kai ga sanda, ko masallaci da ƙyar shike zuwa, amma shi ce sai ya yi azumi. Ɗiyanshi su ce: «Baba, ka huta, mu ciyar maka.» Shi ce: «Ni da na shekara 60 ban sha ko guda ba, yanzu ne za ni sayen azumi da hatsi?» Tambayar tsohon nan ba ta banza ba ce. Shin mudun hatsi shina zama madadin yinin yunwa da ƙishirwa?

Mu fara da abin da shari'a ta ce. An wajabta azumi shekara ta 2 bayan hijira. Cikin Suratul Baƙara, aya ta 184, an yarda ma maras lafiya da matafiyi su sha, su rama daga baya. Wanda kuwa azumi ya fi ƙarfinshi, shi ciyar da miskini. Daga nan malammai sunka ce: in ciwo mai warkewa ne, sai ramuwa. In tsufa ne, ko ciwon da ba a sa ran rabuwa da shi, babu ramuwa, sai ciyarwa. Ita ake kira fidiya.

Awon shi ne mudun Annabi guda ga ko wane yini, daga abincin da mutanen gari sunka fi ci, kamar hatsi ko dawa ko shinkafa. Mudun Annabi ba tiyar kasuwa ba ne: cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum. Mudu 4 su ne sa'i guda, wato awon zakkar kono. Ke nan wata mai kwana 30 mudu 30 ne, sa'i 7 da rabi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa cikin zaurukanmu, ta nuna cewa ga tsoho ciyarwar nan mustahabbi ce. Ga Shafi'i da Abu Hanifa kuwa wajibi ce. Kada kuma a gama fidiya da kaffara. Kaffara ta wanda ya karya azumi da gangan ce: ciyar da miskinai 60, ko azumin wata 2 a jere. Mai kaffara ya yi laifi. Tsoho bai yi laifin komi ba.

To, mu koma ga tambayarmu. In da ciyarwa ciniki ce, da attajiri mai lafiya ya buɗe rumbunshi ya huta. Amma ko rumbu 10 ya rabar, azumi na nan bisa wuyanshi. Abin da mai kuɗi ba ya iya saye, ba za a ce tsoho ya saye shi ba. Ashe mudun nan ba farashi ba ne.

Mine ne shi ke nan? Daga cikin hikimomin azumi akwai mai ƙoshi shi ɗanɗana yunwa, don shi tuna da wanda ke kwana da ita. Tsoho ba ya iya ɗaukar yunwa kuma, amma shina iya sauke ta daga kan wani. Ta haka shina nan cikin sahun masu azumi, ba a bar shi baya ba. Wanda ya ga yunwar 1973 ko ta 1984 ya san abin da mudu guda ke yi cikin gidan da ba a aza tukunya ba. An ruwaito cewa Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah, da ya tsufa ƙwarai ya bar azumi, shina ciyar da miskini gurasa da nama ko wace rana. Wa zai ce ya fi shi son ibada?

Don haka tsohon da ke ƙin ciyarwa shi binciki zuciyarshi: tsoron Allah ne ya hana shi, ko kunyar a gan shi shina shan hura da rana? Haka mai ciwon sukari da lokotoro ya gargaɗe shi, amma shi daure cikin zafin bazara har shi faɗi. In sarki ya yi maka kyauta, ladabi shi ne ka sa hannu biyu ka karɓa. Sauƙin da Allah ya yi kyauta ce, karɓarta biyayya ce.

Saura tsohon da ba ya da ko mudun. Wannan babu komi bisa kanshi, don Allah ba ya aza ma rai abin da ba ya iyawa. In ɗiyanshi na da hali, su fitar mashi da saninshi. Amma su auna hatsi mai kyau, ba wanda ƙwari sunka cinye ba. Su kai ma mabukaci na gaskiya, ba aboki ko surukin da ake son farantawa ba. Su kai da mutunci, ba tare da shela ba.

Ku da kunka koyi karatu, ku karanta ma tsofaffinku wannan da lallashi, ban da faɗa. Allah shi karɓi ibadar mai azumi da ta mai ciyarwa, amin.