Balteus Ya Kayar da Kai? Koma Gareji, Ɗana

Ɗana, in har ka kai ƙarshen babi na farko a wasan Armored Core VI, to ka haɗu da Balteus. Shi ne injin nan mai shawagi da ke sauko maka a saman hasumiyar tsaro, kewaye da zobban ƙarfe cike da rokoki, lulluɓe da garkuwar lantarki wadda ke shanye harsashinka kamar ba ka harba kome ba. Tun da kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya saki wasan a watan Agusta na 2023, wannan bos ɗin ya zama wurin da mutane da yawa suka ajiye hannun gem suka ce sun haƙura. Ba na so ka shiga cikinsu. Amma akwai waɗanda na fi jiye wa, wato waɗanda ba su haƙura ba kuma ba su koyi kome ba. Su faɗi su danna a sake, su kuma faɗi su kuma dannawa, kaya iri ɗaya, dabara iri ɗaya, har asuba ta riske su ido jajur. Da su nake magana yau, kuma in ka ji jikinka ya yi sanyi, to da kai nake.

Fara da sanin wanda kake yaƙa. A labarin wasan, kai sojan haya ne da ba shi da suna sai lamba, 621, kana karɓar umarni daga ubangidanka Walter a wata duniya mai suna Rubicon 3. Akwai wani sinadari a can, Coral, wanda ya taɓa kamawa da wuta kimanin shekara hamsin kafin zuwanka ya ƙone duniyar da kewayenta. Yanzu ya sake ɓullowa, manyan kamfanoni biyu, Balam da Arquebus, suna ta kokawa a kansa, hukumar da ta killace duniyar kuma tana korar kowa. Balteus na wannan hukumar ne, kuma babu matuƙi a cikinsa. Ka riƙe wannan da kyau. Abin da kake zagi da tsakar dare ba ya jin haushinka, ba ya ƙulla maka sharri, ba ya canza shawara don ya ga ka kusa nasara. Yana da hare-hare ƙidayayyu, kowanne da alamar da ke zuwa kafin shi. Duk fushin da ke cikin filin nan, kai ka shigo da shi.

Na san ƙorafinka: wasan ba shi da wurin da za ka zaɓi sauƙi ko tsanani. Gaskiya ne. Amma sauƙin yana nan, a gareji aka ajiye shi. Tun fitowar Armored Core na farko a 1997, ginshiƙin wasan shi ne haɗa injin yaƙinka da hannunka: kai, ƙirji, hannuwa, ƙafafu, janareta, injin tashi, na'urar saiti, da makamai huɗu, biyu a hannu biyu a kafaɗa. Bayan 2013 sai da aka yi shekara goma babu sabon fitowa, don haka yawancin samarin da suka shigo a 2023 ta hanyar Dark Souls da Elden Ring suka san kamfanin. A waɗancan wasannin mutum kan iya rungumar takobi ɗaya ya yi ta naci har ya haddace motsin abokin gaba. Suka ɗauko wannan ɗabi'a suka kawo ta Rubicon, Balteus kuwa ya yi ta watsa su. A ganina an dasa shi a bakin ƙofar babi na biyu ne don ya tambaye ka abu ɗaya: ka iya sake gina injinka, ko kuwa wanda aka ba ka tun farko kake ta ja?

Kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya, ka shiga faɗan wasu lokuta ba da niyyar ci ba. Shiga ka kalla. Wannan yana da wuya ga matashi, na sani, domin jini na tafasa, yatsa kuma ba ya son barin kunamar bindiga. Daure. Za ka lura cewa muddin garkuwar nan tana tsaye, duk ɓarin wutar da kake yi ba ya taɓa lafiyarsa. Za ka lura cewa in ta fashe yakan sandare na ɗan lokaci, kuma a wannan ɗan lokacin duka yana shigarsa fiye da kullum, kafin daga baya ya sake tayar da ita. Za ka ji wata ƙara mai kaifi da jan haske na gargaɗi kafin ya sako gurneti, wanda shi ne ke cin ranka fiye da rokokin da ke tsorata ka. Rokokin nan yawansu ne ke rikita ido. Mai tafiya gefe ba tsayawa, yana ajiye zillewarsa sai sun matso, yakan tsira daga mafi yawansu.

Ga kuma wani abu da tsoro ke jawowa. Wanda ya firgita yakan ja can nesa yana harbi, yana ganin ya sami mafaka. A wannan wasan, harsashin da aka harba daga nesa fiye da ƙa'idar bindigar yakan daki ƙarfe ya ɓalle, ɓarnarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ka ƙarar da harsashi, ka ba rokoki fili su jeru su same ka, shi kuma ko gezau. Matsa kusa. Sannan ka sa ido a kan ma'aunin ƙarfin janaretarka, domin kowace zillewa da kowane tashi sama suna cinsa, in kuwa ka ƙarar da shi tas, sai ka jira ya farfaɗo ba ka iya zillewa ko tashi sama. Yawancin mutuwar da kake ɗora wa Balteus, in ka duba, ta same ka ne a daidai lokacin da ka zille sau uku a jere saboda ruɗewa, ba ka bar wa kanka na huɗun da kake bukata ba.

To, yanzu ga inda nasihata ta fi nauyi. In ka mutu, wasan yana ba ka damar sake haɗa injinka nan take ka ci gaba daga zangon ƙarshe. Alheri ne babba. Sai dai da kayan da ka riga ka mallaka kaɗai za ka yi wannan haɗin, shagon sayen kaya ba ya buɗuwa a nan. In ba ka da makamin da ya dace, dole ka bar aikin gaba ɗaya ka koma gareji, wanda ke nufin za ka sake faro shi daga tushe, ka sake ratsa masu gadi, ka sake karawa da Sulla, tsohon sojan hayan nan da ya tare ka a kan gada ya ba ka wuya. Nan ne zuciya ke cewa: bayan duk wannan wahalar? Ai saura ƙiris, bari in ƙara gwadawa sau ɗaya. Wannan sau ɗayan shi ke cinye dare. Mutum ya ƙi asarar minti goma sha biyar, ya yi asarar awa huɗu, ya tashi da ciwon kai da baƙin rai.

Ka koma, ɗana. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sulla da ka kayar jiya za ka kayar da shi yau cikin rabin lokacin, domin hannunka ya riga ya san shi. Kuma waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun cire maka kowane uzuri: duk abin da ka saya a shagon, in ka mayar, kuɗinka cif za a ba ka, ba ragi. In kuɗin bai isa ba, kana iya maimaita ayyukan baya a sake biyan ka. Akwai bindiga mai harba wasu ƙwallaye kamar kumfa, irin makaman da ake kira Pulse, an yi su ne musamman don cin irin wannan garkuwa, kuma takobin da ka fara wasan da shi ma daga danginsu yake. Ka sa abin da zai fasa garkuwar da wuri a hannu ɗaya, ka tanadi mai nauyin duka don lokacin da ya sandare, kada ka harba shi tun garkuwa na tsaye ka zo kana jiran ya sake cika alhali dama tana wucewa. Ka duba ƙafafunka ma. Masu gwiwa a baya suna tsalle sosai, masu huɗu suna iya tsayawa a iska, masu ƙafar tanka suna ɗaukar kaya da duka. Wanda hannunsa ba shi da sauri ba laifi ba ne ya hau tanka ya yi ta musayar wuta. Ba a rubuta wa kowa cewa sai da siririn inji nasara ke halatta ba.

Za ka ce ai akwai YouTube, a kwafo haɗin wani a huta. Ban hana ka tambaya ba, mai tambaya ba ya ɓata. Abin da nake roƙonka shi ne, duk ƙarfen da ka ga wani ya ɗaura, ka tambayi kanka dalilinsa. Me ya sa wannan janareta? Me ya sa bindigar nan a hagu? Shiga filin gwaji na gareji ka motsa injin ka ji nauyinsa a yatsunka. Wanda ya kwafa bai gane ba zai wuce Balteus, ya je gaba ya sake tsayawa cak yana jiran wani ya sake tauna masa.

In lafiyarsa ta ragu zuwa wajen rabi, Balteus yakan saki wata fashewa ta lantarki kewaye da kansa, daga nan ya fito da bututun feshin wuta yana share filin da su. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kusancin da ya amfane ka ɗazu yanzu yana bukatar lura: ka ga ya fara tara haske, ja da baya, ka ga harshen wuta ya taho a kwance, tashi sama ka bar shi ya wuce ta ƙarƙashinka. Kayan gyara uku kaɗai gare ka, ka yi ƙoƙari ka shigo wannan mataki da biyu a hannu. Sannan ka kiyayi kwaɗayi. Babu lokacin da ya fi haɗari kamar sa'ad da ka ga saura ɗan jan layi ya mutu. Nan ne mutum ke mance duk abin da ya koya, ya rufe ido ya afka, wuta ta cinye shi saura duka ɗaya. Yadda ka yi faɗan a minti na farko, haka za ka yi shi a na ƙarshe.

Bari in fita daga Rubicon kaɗan, domin damuwata ba ta tsaya a kan allo ba. Ina ganin yadda wasu samari ke tashi daga irin wannan faɗa. Ƙaninsa ya leƙo ya yi magana, ya daka masa tsawa. Mahaifiyarsa ta kira, ya ce yana zuwa, bai zo ba. A kira salla yana ji, ya ce bari wannan zagayen ya ƙare, zagayen kuma ba ya ƙarewa. Wani a shagon gem yake, kuɗin da aka aike shi da su yake ƙonawa awa bayan awa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin wasan da aka yi don ya wasa ƙwaƙwalwa ya koma yana ɓata tarbiyya. Ka sa wa kanka iyaka tun kafin ka zauna, lokacin da hankalinka ke kwance. In ka ji tafin hannunka ya jiƙe, haƙoranka sun cije, ka fara mutuwa da wuri fiye da ɗazu, to ƙwarewarka ta fara zubewa ke nan, ƙarin zama ba zai dawo da ita ba. Tashi ka yi alwala, ka ci abinci, ka je aiken da aka yi maka, ka kwanta. Masu irin waɗannan wasanni da yawa za su gaya maka cewa bos ɗin da ya hana su barci da dare, da safe suka kayar da shi ba wata wahala. Hannu yana ƙarasa koyonsa ne lokacin da mai shi ke hutawa.

Akwai kuma ladabin nasara. A watan Satumba na 2023 kamfanin ya fitar da gyara wanda ya taɓa wasu hare-haren Balteus da na wasu bos biyu, aka rage musu kaifi. Tun daga nan wasu suka sami abin taƙama, wai su sun kayar da shi tun yana da haƙora, na baya kuwa bagas suka samu. Kada ka zama irinsu. In abokinka ya maƙale, kar ka fizge hannun gem ɗin ka ce kawo in yi maka, domin ka raba shi da daɗin da kai ka sha. Zauna kusa da shi, ka tambaye shi me ke kashe shi, ka bar shi ya gano amsar da bakinsa. In ya nemi shawara ka ba shi ɗaya, ka yi shiru.

Ranar da Balteus ya tarwatse a gabanka, ka yi murnarka, ka cancanta. Amma kada ka ƙulla soyayya da injin da ya kai ka. A babi na biyu akwai wani ƙaton injin share tarkace, Smart Cleaner, wanda jikinsa duk sulke ne, sai ta bakinsa na gaba ko ta bututun da ke samansa duka ke shigarsa sosai, ga shi kuma hannuwansa suna niƙe duk wanda ya tsaya a ƙasa kusa da shi. Bayansa akwai Sea Spider a ƙarshen babin. Babu ɗayansu da ke da irin garkuwar Balteus, saboda haka bindigar kumfar da ta cece ka ba za ta yi maka aikin da ta yi jiya ba. Kafin ka karɓi aiki na gaba, ka saurari bayaninsa har ƙarshe, ka shiga shago ka ga sababbin kayan da aka zuba, ka sayar da abin da ya gama amfaninsa, ka sayi ƙafafun da za su iya ɗaga ka sama da bututun nan.