Gadon Kaka A Baƙuwar Ƙasa

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan wata tambaya ne wadda ta daɗe tana raba dattawan ikilisiya: ko mai bi yana da iko ya riƙe rawar kakanninsa, ya kuwa riƙe Almasihu?

Bari mu dubi mutanen Tonga. Ƙasarsu tarin tsibirai ne, wajen 170, can cikin Tekun Fasifik. Masu bishara na Metodis suka kafu a wurin a 1826. A 1831 aka yi wa sarki Taufa'ahau baftisma, a 1875 kuwa ya ba ƙasar tsarin mulki wanda ya keɓe ranar Lahadi. Daga baya neman abinci ya kai dubban mutanenta birnin Auckland na New Zealand, da Ostireliya, da Amurka.

A gidajen waɗannan baƙi akwai irin tsohuwar da ya kamata a tuna da ita. Ita ce ta kan tashe jikoki su yi addu'a da harshen Tonga. Ita ce kuma ta kan jera su da maraice, ta koya musu lakalaka, wato rawar da maza da mata su kan yi a tsaye sahu sahu, suna waƙa, hannuwansu suna fassara maganar waƙar. 'Yan mata kuwa ta koya musu tau'olunga, rawar budurwa ita kaɗai, cikin natsuwa da kunya. A kan shafa wa yarinyar man kwakwa, dangi su liƙa mata kuɗi, sau da yawa domin aikin ikilisiya.

To, ta yi laifi ne? Ku buɗe Littafin Fitowa, za ku tarar da rawa biyu. A sura 15 Maryamu, 'yar'uwar Haruna, ta ja mata suka yi rawa domin Ubangiji ya cece su daga Fir'auna. A sura 32 jama'ar nan ɗaya ta yi rawa gaban ɗan maraƙi na zinariya, Musa ya husata har ya farfashe allunan. Ashe abin dubawa shi ne wanda ake girmamawa, da kuma inda rawar take kai zuciya. Rawar da ta jawo maye, ko fasikanci, ko bautar gumaka, sai mai bi ya guje ta.

Tsohuwar nan ta san abin da take tsoro. Jikan da ya manta harshen kakarsa ba zai zauna kusa da ita ba, wanda kuwa bai zauna ba, yaya zai ji labarin bangaskiyarta? Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Da rawa ta kan tara su, sa'an nan ta buɗe musu Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ma, da ya tuna da bangaskiyar Timothawus, sai ya ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afniki (II Timothawus 1:5).

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Mene ne ya bambanta rawar Maryamu da rawar ɗan maraƙi?
2. Wace al'ada ta gidanku za ku iya miƙa wa Ubangiji, wace ce kuma dole ku bari?
3. In 'ya'yanku suka girma a wani gari, wa zai koya musu addu'a da harshenku?