Tallar Sana'ar Gida Ta Wayar Hannu: Abin Da Shari'a Ta Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sana'ar cikin gida daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Zamfara. Matan Rawayya da Bunguɗu da Tsafe da Gusau sun gaji soya ƙuli-ƙuli, da matsar man gyaɗa, da haɗa turaren wuta. A da, 'yan mata ake ɗora wa talla, su yini suna yawo, karatu ya wuce su. Yanzu kuwa mace tana ɗakinta za ta ɗauki hoton hajarta, ta sa a WhatsApp ko Facebook, mai saye ya turo kuɗi, ɗan kabu-kabu ya kai masa. Ƙarancin takardun Naira na shekarar 2023 ya ƙara yaɗa wannan hanya. Lalle ni'ima ce, idan ta sa aka sauke wa yarinya faranti aka mai da ita makaranta.

Amma fa ciniki yana da hukunci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi waɗanda ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, har da jahiltar hukuncin saye da sayarwa. Saboda haka wajibi ne maigida ya koyar da iyalinsa, ko ya bar su su je inda za a koya musu.

Malaman Malikiyya suna kiran irin wannan ciniki sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Littafin Risala ya halatta shi, amma ya hana a shardanta biyan kuɗi tun kafin a karɓi kaya, sai fa idan wurin yana kusa, ko kayan ba masu saurin canzawa ba ne, kamar gida ko gona. Ke nan mai sayarwa a Bunguɗu tana iya neman ɗan Gusau ya fara biya, domin tafiyar ba ta da nisa. Idan kaya suka iso yadda aka siffanta, ciniki ya ɗauru. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓi ya mayar, a ba shi kuɗinsa.

To, hoto shi ne siffa a wannan zamani. Wadda ta ɗauko hoton kayan wata ta ce nata ne, ko ta gyara launin atamfa har ya fi na gaske kyau, ko ta nuna babbar kwalba ta aika da ƙarama, ta yi algus. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya taras da danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Haka nan yawan rantsuwa yana sayar da kaya, amma yana shafe albarka. Sa ƙawaye su yabi abin da ba su taɓa saya ba kuwa shaidar zur ce.

Mai saye shi ma akwai hakki a kansa. Wanda ya nuna shaidar tura kuɗi ta ƙarya ya ci dukiyar mutane da ɓarna, wataƙila ma ta gwauruwa mai ciyar da marayu. Wanda kuma ya karɓi lambar matar aure don ciniki, ya koma yi mata zancen banza, ya ci amana.

Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya tsare Musulmi daga cin haram. Allah ne Mafi sani.