Hukuncin Takunkumi ga Mai Ciwon Asma

Rufe baki da hanci a cikin salla makaruhi ne a mazhabar Malikiyya, kuma Muhtasar na Halil ya lissafa shi cikin abubuwan da ake ƙi ga mai salla. Sai dai karhanci hukunci ne mai sauƙi, buƙata tana kawar da shi. Shi ya sa a shekarar 2020, da korona ta ɓarke, malamai ba su sha wahalar halasta takunkumi a sahu ba. Wanda lamarinsa ya fi wuyar warwarewa shi ne mai asma, domin takunkumin yana iya zame masa magani, yana kuma iya zame masa nauyi.

Da hunturu, ƙura da busasshiyar iska mai sanyi suna ƙuntata hanyoyin numfashinsa, har ƙirji ya riƙa kuka. Takunkumi yana tare wani kaso na ƙurar, yana kuma ɗumama iskar kafin ta shiga. A nan sanya shi kiyaye rai ne, babu sauran maganar karhanci. Amma a masallacin da ya cika, ga zafi ga hayaƙin turaren wuta, gumi yana jiƙa ƙyallen, mutum ya ji kamar an shaƙe shi.

Alƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya bambanta wahalar da ba a rabuwa da ita a ibada, irin ta alwala da sanyin asuba, da wahalar da ke barazana ga rai ko gaɓa. Ta farko ana daure mata, ta biyu ita ke sauke hukunci. Wannan ma'auni ya dace da mai asma. Likitoci sun nuna cewa takunkumin asibiti ko na auduga marar kauri ba ya rage iskar oksijin ga mafi yawan masu ciwon, matuƙar ciwon yana kwance. Ƙuncin da ake ji galibi na zafi ne da danshi, don haka mafitarsa neman wanda ya dace: mai laushi, wanda bai manne wa leɓe ba, wanda aka wanke da sabulu marar ƙamshi, a kuma sauya shi da zarar ya jiƙe. Takunkumin N95 ya fi tace iska, amma ya fi wuyar numfashi. Idan kuwa ciwon ya tashi, cire takunkumi da shaƙar magani ya zama wajibi, ko da ana tsakiyar salla.

Akwai kuma haƙƙin na kusa. Takunkumi mai ɗan murfi a gefe yana sauƙaƙa fitar numfashi, amma yana sakin iskar ba tare da tacewa ba. Ya wadatar wajen kare ƙura, amma a lokacin annoba mai shi kaɗai yake karewa, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya kawar da cutarsa ta hanyar ɗora wa wani ba. Su ma jama'a ba su da hurumin zargin wanda ya cire nasa yana haki. Asma ba ta yaɗuwa, kuma shi ya san abin da ke ƙirjinsa.

A Hajji hukuncin ya fi tsauri. Malikiyya sun hana namiji mai harami rufe fuska, Shafi'iyya kuwa sun halasta. Wanda lalura ta sa ya rufe babu zunubi a kansa, amma a Malikiyya zai yi fidiya: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya ko tunkiya.