Ɗan Dara da Mai Gona

Mu mata ba ma zaman dara, amma muna gani in mun wuce. A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa, gindin darbejiya, gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Wani tun wajen zubi yake baza nasa ko'ina, ya tare gurabe, ya yi saurin jera uku ya ci. Wani kuwa tattara nasa yake wuri guda, ya bari a ci shi ɗaya ko biyu, yana haɗa gidan da in ya kammala, kowane motsi ci ne.

Jama'a na biyun suke yabo, wai shi ne mai haƙuri. To ni dai da sauran magana.

Mai karatu, dubi gonar mutanen nan. Gero da dawa tare suke shukawa. Dawa ce mai auki, amma sai wajen Nuwamba. Gero kuwa wata 3 ya nuna, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya shuka dawa zalla, me iyalinsa za su ci kafin kaka? Bashi zai ciwo, dawar tana tsaye ta zama ta wani.

Ɗan dara in lissafinsa ya ɓaci, share ƙasa ake a sake zubi. Magidanci fa, wa zai share masa? Yaransa ne za su kwana da ruwan kanwa.