Wa Ake Tambaya Kafin a Cike Rijiya?

A watan Disambar 2022 aka fitar da zubin Linux mai lamba 6.1, kuma babu DECnet a cikinsa. An tsame shi ɗungurungum, rubutun manhaja sama da layi 10,000. A Zakirai, kai har duk faɗin Gabasawa, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin wannan suna. Sai dai duk mai riƙe da Tecno ko Infinix ta shafawa yana yawo da Linux a aljihu, domin a kansa aka gina Android. Masu wannan aiki suna yanke hukunci a kan abin da ke hannunmu, mun sani ko ba mu sani ba.

DECnet ƙa'ida ce da kwamfutoci ke bi su yi magana da juna: wa zai fara, yaya za a gutsuttsura saƙo, ta wace hanya zai bi, yaya za a tabbatar ya isa. Kamfanin Digital Equipment Corporation na jihar Massachusetts a Amurka ne ya fito da ita a 1975. A shekarun 1980 jami'o'i da cibiyoyin bincike, har da na hukumar NASA, da ita suke aika wa juna sakamakon aiki. Daga baya TCP/IP, wadda intanet ke tafiya a kanta yau, ta cinye kasuwar. Compaq ya sayi kamfanin a 1998, shi ma Compaq ɗin HP ya haɗiye shi a 2002. A ƙarshen shekarun 1990 wasu 'yan sa-kai suka koya wa Linux wannan ƙa'ida, kyauta, don tsofaffin injuna su samu abokin magana. A 2010 mai kula da sashen ta sauka, aka rubuta cewa ba shi da mai kula. Haka ya zauna shekara 12, har wani tsohon hannu a harkar, Stephen Hemminger, ya kawo shawarar a cire shi.

Da safe kwamfuta nake koyarwa a makaranta, bayan Magariba kuma ina cikin masu ɗaukar karatun Risala a zauren malaminmu. Shi ya sa wannan labari bai zo mini a matsayin labarin injuna ba. Abin da mutum ya yi da hannunsa ya bayar don amfanin jama'a, bai karɓi ko kwabo ba, ya kuma sa sharaɗin kada wani ya mallake shi shi kaɗai, a wurinmu hubusi ne, ko ɗan'uwan hubusi. Lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa kusan abin da yake cewa ke nan: ka ɗauka, ka gyara, ka raba, amma ba ka da ikon rufe wa na bayanka ƙofa. To idan hubusi ya tsufa, amfaninsa ya yanke, wa ke da hurumin kawar da shi?

Malikiyya sun tsananta a nan. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa ba a sayar da gida ko filin hubusi ko da ya zama kango. Amma dokin da aka yi hubusinsa, idan ya kamu da cutar da ta hana a amfana da shi, ana sayarwa a zuba kuɗin a wani dokin. Hanbaliyya sun fi sassautawa, sun yarda a sayar da kangon ma a musanya da abin da zai yi amfani, kuma wasu malaman Malikiyya na baya sun karkata wajen musanya idan amfanin ya yanke ƙat. Na daɗe ina juya wannan bambanci na fili da doki. Abin da na fahimta shi ne, fili ko ya zama kango yana iya jira, wata rana wani zai zo ya gina. Doki ba ya jira. Kullum yana cin harawa, yana bukatar mai share masa turke, kuma idan cutar ta haukata shi sai ya yi wa wani rauni. Manhaja a ganina tana ɓangaren doki. Mutane na ɗauka rubutu ne kawai, a ajiye shi a manta. Ba haka ba ne. Duk lokacin da aka sauya wani abu a zuciyar Linux, dole wani ya bi ta kan tsohon sashen ya daidaita shi, alhali ba shi da injin da zai gwada ko gyaran ya yi. Ga kuma masu kutse, waɗanda ba abin da suke so irin sashen da ido ba ya kai. A 2023 an gano wata ɓaraka a DECnet da za ta iya durƙusar da kwamfuta, sai aka bi tsofaffin zubin da ake ci gaba da kula da su aka cire shi a can ma.

A bayan unguwarmu akwai wata tsohuwar rijiya da kakan wani gida ya haƙa sadaka. Ba ta da kwakware, bakinta itace ne aka gicciya, duk igiyar guga ta sassaƙe shi layi-layi. Tunda aka yi burtsatse mai sola, aka daina yasarta. Kowace damina bakin na zaftarewa kaɗan. Aka rufa mata tsohon kwano da kara, har ranar da akuya ta taka ta rufta. Da aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, jikokin mai rijiyar suka ce cike ta yanke wa kakansu lada ne, kuma ba da wasa suka faɗa ba, ɗayansu muryarsa na rawa. Wasu suka ce hanyar 'yan makarantar allo ce, yau akuya, gobe fa? Malam bai yi dogon bayani ba. Ya tambaya ko akwai wanda zai ɗauki nauyin yasarta da ɗaure bakinta. Kowa ya sunkuyar da kai. Aka cike ta da ƙasa da ɓaraguzan bulo.

Har yau ina ganin hukuncin ya yi daidai. Ladan mai rijiya yana cikin ruwan da aka sha, kuma Allah ba Ya tozarta abin da aka riga aka rubuta wa bawa. Rami mai jiran yaro ba sadaka ba ne. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa yana cikin rassan imani. Wanda ya ce a bar abu don girmama wanda ya yi shi, amma ba zai ɗaga yatsa ya kula da shi ba, nauyin soyayyarsa yake ɗora wa wasu.

Mutanen Linux ma sun fi mu sa'a ta wani gefen. Abin da suka cire bai ɓace ba, yana nan a taskar tarihin manhajar, duk mai so ya ɗauko ya raya a kwamfutarsa. Akwai masu sha'awar tsofaffin injuna da suka haɗa tasu hanyar sadarwa mai suna HECnet, suna magana da DECnet har yanzu. Ilimin da ke cikinta ma ya wuce gaba. Radia Perlman, wadda ta yi aikin tsara yadda saƙo ke zaɓar hanya a DECnet, daga aikinta aka samu IS-IS, ƙa'idar da manyan kamfanonin sadarwa ke amfani da ita a yau. An sayar da dokin, kuɗinsa ya shiga wani doki.

Amma akwai abin da ya biyo bayan cike rijiyarmu wanda ya hana ni sakin jiki da wannan amsa. Da rani ya yi, Fulanin da ke sauka a gonakinmu bayan an kwashe gero da dawa, shanunsu na cin kara suna bar mana taki, suka zo suka tarar babu rijiya. Ashe su suna ɗaga kwanon su ja ruwa da sassafe. A burtsatse kuwa layi ne na jarkoki, ga kuɗin da ake karɓa, ga masu ƙorafin shanu na ɓata wuri. Ranar da aka yi zaman suna can wani daji. An tambaya, an ji shiru, aka ɗauki shirun a matsayin yarda.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a jingina wa mai shiru magana, sai a wurin da ya zama dole ya yi magana kuma yana da halin yi. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa. Al'adar masu Linux ita ce a yi shela: za mu cire kaza, mai amfani da shi ya fito. Linus Torvalds, wanda ya fara aikin a 1991, an san shi da tsanani a kan kada a karya wa mai amfani abin da ke masa aiki, kuma idan mutum ya fito da hujja sukan janye. Wannan adalci ne, na yaba. Sai dai shelar da Turanci ake yinta, a dandalin da injiniyoyi kaɗai ke zama. A kan DECnet ban ga wanda aka zalunta ba: shekara 12 ana jiran mai kula, masu injunan kuma mutane ne masu ilimi da hali. Amma hanyar da aka bi ba za ta wadatar ba ranar da abin da za a cire namu ne.

Ranar kuwa tana tafe. Telstra a Ostareliya ya kashe tsohon sabis ɗin waya na 2G a Disambar 2016, AT&T a Amurka a Janairun 2017, Singafo ta kashe nata gaba ɗaya a Afrilun shekarar. A nan, alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da rabin layukan wayar Najeriya a kan 2G suke a lokacin. Ƙaramar waya mai tocila da ke kwana uku ba caji, wadda dattijuwa ke ɗaurewa a bakin zane, wadda dillalin gyaɗa ke danna lambobi ya tura kuɗi da ita ranar kasuwa, a kansa take. Injiniya zai ce 2G tsoho ne, tsaronsa rarrauna ne, yana tare wa sabbin fasahohi wuri, kuma duk gaskiya ya faɗa. Mun dai ga abin da ke faruwa idan aka yi ritayar abu da ƙarfin wa'adi alhali jama'a na tsakiyar amfani da shi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, manomi ya kai buhun hatsi kasuwa ya rasa mai saye da tsaba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Don haka tambayar Malam, wa zai kula da ita, rabin aikin ce. Ɗaya rabin shi ne a tashi a je a ƙirga masu sha, ba a zauna a jira su zo ba. Nauyin nema yana kan mai cirewa, domin shi ke da ilimin abin da zai faru, su kuwa ba su ma san ana zama a kansu ba. A harkar 2G wannan na nufin shela da Hausa da Fulatanci a rediyo, a masallatan Juma'a, a bakin masu unguwanni da dagatai, da wa'adin da ya kai mutum ya sayar da amfanin gona biyu ko uku, da waya mai araha wadda batirinta zai jure garin da wuta ba ta zama. A unguwarmu abin da aka yi daga baya shi ne gina kwami a gefen burtsatse, aka ja masa bututu, aka keɓe wa masu shanu lokaci bayan Asuba, jikokin mai rijiyar suka sayi simintin.