Wa Zai Biya?

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma daga Nijar. Daga nan samarinmu sukan bi motocin shanu zuwa Legas. Can sukan iske mashaya masu jajayen fitilu, inda ake gauraya barasa da ruwan lemo da ƙanƙara, ga tsire, ga farfesu, ga kiɗa har asuba. Waɗansu sukan ce, "Shari'ar da Jigawa ta kafa a 2000 ta Musulmi ce, ba ta ɗaure mu ba. Balle nan ba mai ganinmu."

To, abin da doka ba ta hana ka ba, ya halatta ke nan?

A Maigatari an keɓe yankin ciniki inda ƙa'ida ta ce kaya su shiga ba kuɗin kwastan. Amma ran da suka fito zuwa kasuwannin ƙasa, sai a biya. Haka daren mashaya yake. Abin da ka sha can, matarka a Gumel za ta biya sa'anda gero ya ƙare kafin kaka. Maƙwabcinka Musulmi kuwa, in ya ji, sunan Yesu zai zarga. Manzo Bulus ya yarda shi bar nama ɗungum domin kada ɗan'uwa shi yi tuntuɓe.

Tsire ba zunubi ba ne, hira kuma baiwar Allah ce. Amma kafin ka ɗaga kofin nan, tambayi kanka, wa zai biya? Ubangiji shi tsare mu. Amin.